"Da Ni Na Ci Miliyan Ɗari…": Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗin da Suka Faɗo Lokaci Guda

A kowace fada ta Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Sabon Gari, in shayi ya kai zagaye na biyu sai wani ya jefo ta: "Wai da kai ka ci miliyan ɗari, me za ka yi da su?" Nan take a gina benaye da baki, a kai tsofaffi Makka, a ƙara aure, wani ma har ya sallami maigidansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa in raha ta lafa aka koma lissafi. Duk adadin da aka kawo da sefa ne, sai inda aka ambaci kuɗin wata ƙasa.

1. Nawa ne ma babban rabon loto da ake ta zancensa?

Ya danganta da inda aka buga. A Nuwamba 2022 tikiti guda da aka saya a jihar Kaliforniya ta Amurka ya ci dalar Amurka miliyar 2.04 a wasan Powerball. A Turai kuma EuroMillions na da iyakar da ba ya wucewa, Yuro miliyan 250. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wannan ya kusa sefa miliyar 164.

Sai dai adadin da ake shela ba shi ke shiga aljihu ba. Mutumin Kaliforniya ya zaɓi a dunƙule masa kuɗinsa nan take maimakon biya 30 na shekara-shekara, sai suka koma dalar Amurka miliyan 997.6, tun gwamnati ba ta ciri harajinta ba. A nan gida LONANI, kamfanin loto na gwamnati, ke riƙe da harkar, har da PMU da ake bugawa kan tseren dawakin Faransa, kuma abin da ake ci bai kama ƙafar waɗancan ba. Shi ya sa za mu tsaya kan miliyan 100 a matsayin misali, adadin da kai zai iya ɗauka.

2. Mutum na da damar ci kuwa, ko mafarki ne kawai?

A Powerball damar tikiti guda ita ce 1 cikin 292,201,338. Ko an tara mutanen Najeriya da na Nijar kaf aka ce a zaro sunan mutum ɗaya, damarka ta fi wannan. A EuroMillions 1 ce cikin 139,838,160.

Ƴan PMU kan ce nasu ya bambanta, tunda ana nazarin doki da mahayi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma a duba lissafi. In dawaki 16 suka fito, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne. In biyar na farko ake nema a jere, 524,160. Kuma ba kamfani ke biyanka daga aljihunsa ba. Kuɗin da kowa ya zuba ake tarawa, a cire kason kamfani da na gwamnati, a raba saura ga waɗanda suka dace. Ran da dokin da kowa ya sani ya zo na ɗaya, masu ci sun yi yawa, rabon ya tsinke. Mai zuba dala ɗari, wato sefa 500, kullum kuwa, a shekara ya zuba 182,500.

3. Kuɗin loto halal ne? In ba halal ba ne, me ya kawo wannan dogon bayani?

Caca ce, kuma haramcinta a bayyane yake: aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, aya ta 219 ta Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta. Lasisin gwamnati bai canja hukuncin ba. Wanda ya ci ya kuma tuba, abin da malamai suka fi faɗa shi ne ya fitar da kuɗin daga hannunsa zuwa ga mabuƙata ko aikin da zai amfani jama'a, da niyyar rabuwa da su, ba da niyyar sadakar neman lada ba, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Wasu malaman sun sassauta wa matalaucin da ya tuba ya ɗibi gwargwadon buƙatarsa. Wanda abin ya shafa ya je gaban malaminsa da bayani ba ɓoye-ɓoye.

Dalilin ci gaba da amsawa kuwa, ba tikiti kaɗai ke jefo wa mutum kuɗi lokaci guda ba. Akwai gado, akwai diyyar gonar da hanya ko wani aikin gwamnati ya bi ta kai, akwai kyautar gasar da ba a zuba ko dala ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari nawa suka dawo garin nan da abin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba? Wasu sun kafu. Wasu kafin shekara ta zagayo suna neman kuɗin motar komawa daji. Amsoshin da ke gaba na duk waɗannan ne.

4. Ranar da labari ya same ni, me zan fara yi?

Ka kama bakinka. In takarda ce shaidarka, ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka adana ta inda ruwa da gara da yara ba sa kaiwa, ka duba wa'adin karɓa, don irin waɗannan takardu suna da ranar mutuwa. Kada ka ba kowa ya je ya karɓo maka. Ka nemi a biya ka ta banki, ba a hannu ba. Babbar takardar sefa jaka goma ce, saboda haka miliyan 100 takarda 10,000 ke nan, ƙunshi ɗari masu takarda ɗari-ɗari. Ba abin da za ka rungumo bisa kabu-kabu ba ne.

Sannan ka ba kanka wata uku ba ka sayi abin da ya fi buhun shinkafa ba. Ka ci gaba da fita wurin aikinka da rigar da aka san ka da ita. Cikin wannan lokacin ne za ka biya basussukanka a hankali, ka zauna da alƙalami ka yi rabon da ke tambaya ta 6 da lissafin da ke ta 12.

5. Ina zan ajiye su: banki, gida, ko in maida su naira?

Gida dai a'a. Banki, kuma ba guda ɗaya ba. Asusun da ke lamunce wa masu ajiya a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, in banki ya karye, abin da yake maida wa mutum bai wuce 1,400,000 ba, a ƙananan asusun bashi da ajiya kuma 300,000. Ga mai miliyan 100 wannan ba komai ba ne, shi ya sa ake rarrabawa. Mai gudun kuɗin ruwa ya buɗe asusun da ba ya haihuwa, ko ya nemi bankin Musulunci, akwai shi a ƙasar.

Batun naira kuwa, Kano na kusa, kilomita kamar 240, kuma rabin cinikinmu can ya dogara. Amma sayen kaya da naira daban, ajiya da ita daban. Wanda ya ajiye dukiyarsa da naira kafin a sake ta a kasuwa a Yunin 2023 ya ga yadda ta narke a hannunsa. Sefa ma ba dutse ba ce: dattawa na tuna Janairun 1994, da aka kwana aka tashi darajarta ta rabu biyu. Abin da ya fi shi ne kada dukiya ta zauna fuska ɗaya: wani kaso banki, wani ƙasa (tambaya ta 7), wani sana'a (ta 9), kaɗan zinariya.

6. Dangi fa? Ta yaya zan yi ba a ce na yi rowa ba, kuma ban tsiyace ba?

A nan yawancin kuɗin ke mutuwa. Labari ba ya ɓoyuwa har abada a garin da kowa ya san kakan kowa. Ran da ya fita, kana dawowa daga sallar asuba za ka tarar da takalma jere a bakin zaure. Wannan ya zo da takardar magani a ninke huɗu, wancan damina ta kayar masa da katanga, ga gwaggo daga Mirya da bikin autarta ya matso, ga abokin makarantar allo da rabonka da shi tun kuna tilawa. Kuma mafi yawansu ba ƙarya suke yi ba, abin da ke sa hanawa ta yi ciwo ke nan. Yi lissafi: mutum 60, kowa rabin miliyan, miliyan 30 sun tafi, kuma kowannensu zai fita yana cewa daga cikin ɗari ɗan wannan ka ba shi.

Dabarar da ke aiki ita ce a yanke kason dangi tun ba wanda ya zo, a rubuta, a rufe. Iyaye da iyali su ne farko, nasu wajibi ne ba alfarma ba. Sai waɗanda kuka fito ciki ɗaya, kowa a yi masa abu guda mai tsayawa da ƙafarsa: jari, keken ɗinki, kuɗin karatun yaro har ya gama. Wannan ya fi ɗan abin cefanen da za a riƙa dawowa nema duk Juma'a. Sauran dangi kuwa kada rabonsu ya bi ta hannunka. Ka samu mahaifinka ko babban gidanku ka ce: "Baba, ga abin da na ware wa dangi. Ku da Kawu kun fi ni sanin wanda ya fi buƙata, ku raba yadda kuka gani." Duk wanda ya tare ka bayan nan, amsa ɗaya ce: yana wurin su Baba. Ba mai iya ɗaga wa dattijo murya yadda zai ɗaga maka.

Bashi kuma ka yi hattara da shi. Abin da ka ranta wa ɗan'uwa alhali ya san kana da miliyoyi, a ransa kyauta ce, ran da ka tambaya kuwa zumunci ya ɓaci. Ko dai ka ba shi abin da za ka iya yafewa ka ce kyauta ce, ko a rubuta da shaidu yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni.

7. Gida da fili ai ba a asara a kansu, ko?

Gidan zama na kanka, ƙwarai, shi ne farkon saye. Amma ka gina wanda za ka iya riƙewa ko da kuɗin sun ƙare. Bene mai ɗaki goma na zuwa da kuɗin wuta, da mai gadi, da baƙin da suka zo kwana biyu suka share damina. Dubi unguwannin bayan gari ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a kan linta, ƙarafa sun yi tsatsa, awaki na kwana ciki: yawancinsu an fara su ne da kuɗin da aka ɗauka ba za su ƙare ba.

Fili kuma takarda ake saye kafin ƙasa. A cikin gari ka je ma'aikatar magajin gari ka tabbatar da lambar filin da sunan da ke kan takardar mallaka, a yi cinikin gaban notar, in da hali ka bi har ka samu babbar takardar mallaka ta dindindin. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon abu ba ne. A karkara, tun dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993, akwai hukumomin filaye da ake kira COFO daga ƙauye har gunduma, su ke ba da shaidar ciniki. Gonar gado kada ka biya sai duk magada sun sa hannu, har matan cikinsu. Kuma ka je ka ga filin a watan Agusta, ba a bazara ba, ka san inda ruwa ke kwanciya.

8. Mota da ƙarin aure fa? Ai don su ake neman kuɗi.

Ba mai hana ka. Tambaya guda za ka yi wa kowane saye: bayan na biya, nawa zai riƙa ci duk wata? Babbar mota na cin mai, da taya, da inshora, da vinyet, da makanike, kuma darajarta na raguwa tun ranar da aka miƙo maka mabuɗi. Aure kuwa sadaki da lefe su ne mafi arha a cikinsa. Ci da sha, da suna, da makaranta, da asibiti na shekara ashirin su ne kuɗin, ga adalcin da ba a saye a kasuwa. In sana'arka za ta ɗauke su ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba, bismilla. In ba haka ba, koma tambaya ta 12.

9. Wace sana'a ce ta fi dacewa a nan Damagaram?

Wadda ka sani. Miliyan 100 ba sa koya wa mutum ciniki, ƙara masa girman asara kawai suke yi. Wanda bai taɓa auna tiya a Kasuwar Dole ba, kada ya fara da tirela.

Hatsi na da riba: a sayi wake ko gero ko riɗi da kaka, a fitar in damina ta kusa. Wake sai da buhun PICS mai ciki uku, in ba haka ba ƙwari su riga ka ci. Amma farashi ba ya hawa kowace shekara; in gwamnati ta buɗe rumbunan OPVN ta sayar da rahusa, ko aka rufe iyaka kamar yadda Najeriya ta yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai kaya su kwanta maka. Ɓoye abinci lokacin yunwa don ya yi tsada kuwa addini ya hana. Dabbobi dukiya ce mai haihuwa, amma fari na share garke, an gani a 1984, an sake gani a 2010. Turkar raguna don layya ta fi sauƙin lissafi, tunda wata kaɗan ce kuma ka san ranar kasuwarka. Lambu a ƙasar Korama, wajen Matamaye da Magarya, inda ruwa ke kusa, na ba da rake da kayan miya, in kana da mai tsaya maka tsakani da Allah.

Sayen babura ko adaidaita a raba wa samari su riƙa kawo balas shi ne abin da kowa ke fara tunani. Wata shidan farko daɗi, daga nan sai gyara ya fara cinye balas. Waɗanda suka ci riba a nan su ne suka yi yarjejeniya a rubuce cewa in yaro ya gama biya babur ya zama nasa, domin mai jiran mallaka ba ya wulaƙanta inji. Ko wace ka zaɓa, fara da ushirin abin da ka ware, ka ga shekara guda tukuna.

10. Hajji, masallaci ko rijiya: wanne zan sa gaba?

In kuɗin caca ne, koma tambaya ta 3. Malaman Malikiyya na cewa wanda ya yi hajji da dukiyar haram farali ya sauka daga kansa amma yana da zunubi, Hambaliyya kuma suka ce bai ma yi ba. Ba wanda zai so ya kai mahaifiyarsa Arfa a kan wannan saɓani. In kuɗin halal ne kuwa hajji ya hau kanka, ka bi ta kamfanin da hukumar alhazai ta COHO ta amince da shi, ka karɓi rasit.

Tsakanin masallaci da ruwa, a ra'ayina a garin nan ruwa ne gaba. Unguwa nawa ce ba ta da masallaci? Amma kowa ya san layin bido a bakin pampo cikin watan Afrilu, da yadda kuɗin kurar ga-ruwa ke tashi. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Sai dai a sani, garin bisa dutse yake zaune, shi ya sa ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Kana iya biyan kuɗin foraj a haƙa a tarar da busasshen dutse. Sai masana sun auna ƙasa kafin a kawo inji, kuma sau da yawa kuɗin sun fi amfani a ƙauyen da ruwa ke kusa amma ba mai haƙa musu. In an gama, ka ware kuɗin gyara, a kafa kwamitin da zai riƙa karɓar ɗan abin da ake biya, don famfon da ya lalace aka rasa mai gyara ya fi wanda ba a haƙa ba ɓata rai.

11. Ni mace ce. In kuɗin nawa ne, maigida na da iko a kansu?

A shari'a dukiyarki taki ce, kuma ciyarwa na nan a wuyansa ko kin fi shi samu. Abin da kika ba shi da daɗin rai alheri ne. Ki buɗe asusu da sunanki, fili ko gida a rubuta da sunanki, ba da na miji ko na yaya ba "don sauƙin takardu". In kin ba shi jari, ku faɗa wa juna tun farko kyauta ce ko rance ko haɗin gwiwa, a gaban waliyyinki. Zinariyar da kike sawa don ado ba zakka a kanta a mazhabar Malik, amma wadda kika saya don ajiyar dukiya tana da zakka (tambaya ta 13). Matsin dangi kuwa naki ninki biyu ne, ga na gidanku ga na gidan miji, don haka dabarar tambaya ta 6 ta fi zame miki dole.

12. Shekara nawa miliyan 100 za su kai ni in ban juya su ba?

Raba ka gani. Gidan da ke cin 500,000 a wata, wata 200, wato shekara 16 da wata 8. In ya koma miliyan 2 a wata, abin da ba wuya in gida ya cika da mutane ga mota biyu, wata 50 ne, shekara 4 da wata 2. Wannan kuma in ba a cire na gini da na dangi da na hajji ba, ba a kuma sa tsadar kaya a lissafi ba. In waɗannan sun ɗauke 60, to 40 ɗin da suka rage a kan 500,000 ba su kai shekara 7 ba.

Yawan kuɗin ma ba ya tsare mutum. Wani ɗan kwangila a jihar West Virginia ta Amurka ya ci dalar Amurka miliyan 314.9 a Disambar 2002, kuma da ma mai hali ne. Shekara ba ta cika ba aka fasa motarsa aka kwashe fiye da dala rabin miliyan da yake yawo da su, ƙararraki suka yi masa yawa, daga baya ya riƙa faɗa a fili cewa da ya sani da ya yaga tikitin.

13. Zakka da haraji nawa za su ci?

Dukiyar haram ba a tsarkake ta da zakka, fitar da ita ake yi duka. Ta halal kuwa, in ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara a hannunka, ana fitar da ɗaya cikin arba'in: miliyan 2.5 a kan miliyan 100, kowace shekara muddin suna nan. Gidan da kake ciki da motar hawanka ba zakka a kansu, amma kuɗin haya da suka taru da kayan sayarwa suna da ita. Dabbobi da amfanin gona kowanne da nasa lissafin.

Wajen gwamnati kuma, abin da ka saya da kuɗin shi ke jawo haraji shekara-shekara: gidan haya, shago, mota. Ka samu akawun da ya san aikin ofishin haraji tun kafin ka buɗe harka, kada takarda ta zo maka da tarar shekara uku a haɗe.

14. An turo mini saƙo wai lambata ta ci miliyan biyar, in tura kuɗin buɗe dosiye. In tura?

Kada ka tura. Gasar da ba ka shiga ba ba ka cin ta, kuma mai ba ka kyauta ta gaskiya ba ya cewa ka fara biya. Salon ɗaya ne kullum: a kira ka da murna, a ce kada ka gaya wa kowa, a ce yau wa'adi ke cika, a nemi jaka ashirin ta wurin masu aika kuɗi. In ka tura sai a ce saura na kwastan, bayan shi na lauya. Wasu ba kuɗi za su nema ba, lambar sirrin da ta shigo wayarka za su ce ka karanto musu, da ita su kwashe asusunka ko su ƙwace maka WhatsApp su bi abokanka da roƙo da sunanka. Ka ajiye saƙon da lambar da ta kira, ka je ofishin kamfanin da aka ambata da ƙafarka ka tambaya, in an riga an karɓi kuɗinka kuma ka kai rasit ɗin wurin ƴan sanda ko jandarma.